FARAUTA DA KYAMARA A GAƁAR TEKUN BADAGRY

Ƙasarmu Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita wajen 853, tun daga Seme a kan iyakarmu da Jamhuriyar Benin har zuwa yankin Kalaba a kan iyakarmu da Kamaru. Amma in da za a tara mutanen Arewa mazauna Ikko, daga na Agege da Idi-Araba har na Obalende da Alaba Rago, a tambaye su ko wa ya taɓa bin bakin tekun nan a ƙasa na wuni guda, da wuya a ga hannaye da yawa a sama. Akwai wanda ya shekara ashirin a garin, ya san kowane lungu na kasuwar Mile 12, amma bai taɓa taka rairayin teku ba. Ruwan da yake hangowa daga kan gada ma tafkin Legas ne, ita tekun tana can gaba.

To, a 'yan shekarun nan an sami waɗansu mutane da suka mai da bin gaɓar nan a ƙasa abin sha'awarsu. A cikinsu akwai ma'aikatan ofis da ɗalibai da malaman makaranta, waɗanda ba su taɓa karɓar ko kwabo a kan hoto ba. Ran Asabar ko Lahadi sai su yi sammako, kowa da kyamararsa a wuya, wani ma wayar hannu kurum gare shi, su wuni suna fakon tsuntsaye da ƙaguwoyi da sauran halittun bakin ruwa. Mai kallonsu daga nesa yakan ɗauka rashin aikin yi ne ya sa babban mutum ya kwanta rub da ciki a kan rairayi saboda ɗan tsuntsun da bai kai kurciya ba. Alhali kuwa gaɓar tana sauya kama da sauri ƙwarai, har ta kai abin da mutum ya ɗauki hotonsa bana, mai yiwuwa ne baɗi hoton kaɗai za a tarar.

DAGA BURTU ZUWA KYAMARA

Duk wanda ya tashi a ƙauyen Arewa ya san dabarar maharbi da burtu. Yakan sassaƙa itace ya yi wuya, ya ɗora masa kan burtu, ya ɗaura a goshi, sa'an nan ya shiga daji da rarrafe yana kaɗa kai kamar tsuntsu mai kiwo, har ya kusanci barewa ba ta ankara ba. Abin da ke ba shi nama shi ne sanin halin dabba, da sanin inda iska ke kaɗawa, da haƙurin zama wuri guda har ƙafa ta yi sanyi. Waɗannan ɗin su ne jarin mai ɗaukar hoton namun daji.

Waɗanda suka fara sana'ar a Turai ma haka suka gane. A Ingila an yi waɗansu 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, waɗanda a 1895 suka fitar da littafi a kan sheƙunan tsuntsayen ƙasarsu, suka ƙawata shi da hotunan kyamara zalla. Da suka ga tsuntsaye na gudunsu, sai suka sa aka ɗinke fatar sa a kan katako, aka bar cikin fayau, mutum ya shiga da kyamararsa yana ɗauka ta wata 'yar kafa a ƙirjin san. Watau dai burtu ne irin na Turawa. Bambancin kawai shi ne, maharbi in ya yi nasara dabbar ta ƙare ke nan, shi kuwa mai kyamara yakan koma gida da ganimarsa, ya bar tsuntsun a inda ya same shi domin na baya.

A zamanin su Kearton da farantan gilashi masu nauyi ake ɗaukar hoto. Daga baya aka koma fim, mai hoto 36 a naɗi guda, sai an kai an wanke kafin mutum ya san ko ya dace. Yau kuwa ana ɗaukar ɗaruruwa a wuni, a gani nan take. Kayan aiki sun yi sauƙi, amma tsuntsu bai rage tsoron ɗan Adam ba ko kaɗan.

SHIRIN TAFIYA

Wurin da ya dace mai koyo ya gwada ƙafarsa shi ne Badagry, tsohon garin nan da ke yamma da Ikko a kan hanyar Seme. Garin yana bakin wani rafi mai faɗi wanda ke tafe jere da teku, tsakaninsu kuwa akwai wani siririn tudun rairayi da ake kira Gberefu. Daga bakin ruwan garin akan shiga kwale-kwale mai inji a haye cikin 'yan mintoci, sa'an nan a taka a ƙasa har bakin teku, tafiyar da mai sauri zai yi cikin rabin sa'a. Shi mai kyamara ba ya sauri, gama a 'yar tazarar nan zai ratsa wurare iri uku, kowane da mazaunansa: fadamar taɓo, da kurmin kwakwa, da rairayin da igiyar ruwa ke duka.

Lokacin da ya fi albarka shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da ruwan sama ya ɗauke, tsuntsaye 'yan ci-rani kuma suka sauko daga Turai da ƙasashen ƙanƙara. A Disamba da Janairu hazon hunturu yakan kai har bakin teku. Yana dusashe abin da ke nesa, amma yana kashe kaifin rana, har a iya ɗaukar abu na kusa ba tare da baƙar inuwa ta ɓata shi ba.

Akwai kuma wani abu da mutumin tudu bai saba lissafi da shi ba, watau cikar teku da janyewarta. Sau biyu ruwa ke kawowa a kwana guda, sau biyu yake janyewa, kuma kowace rana lokacin yakan jinkirta da misalin minti 50 a kan na jiya. A gaɓar Legas tazarar ba ta cika wuce mita guda ba, amma ta isa ta buɗe filin taɓo ko ta rufe shi. Wata ne ke jan ruwan, saboda haka cika da janyewa sun fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Wanda ke riƙe da lissafin wata ya riga ya sami rabin ilmin, sauran rabin kuwa yana bakin masunta.

Har wa yau, gaɓar Legas kudu take fuskanta, ta miƙe daga gabas zuwa yamma. Ashe ke nan wanda ya nufi yamma da safe rana tana bayansa, haskenta na sauka a kan abin da yake son ɗauka, in ya juyo gabas da la'asar kuma ta sake komawa bayansa. Wanda ya yi akasin haka zai wuni yana ɗaukar baƙaƙen inuwoyi. Daga hantsi zuwa azahar kuwa hasken yakan yi tsanani, gara mutum ya nemi gindin kwakwa ya huta.

FADAMAR TAƁO

Tun kafin kwale-kwale ya tsaya za a ga waɗansu itatuwa a gefen rafi waɗanda ake kira mangurob. Cikin ruwa mai gishiri-gishiri suke tsirowa, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo, kuma babu ƙasar Afirka da ta kai Nijeriya yawansu, musamman a yankin Neja Delta. A ƙarƙashinsu ƙananan kifaye da jatan lande ke girma kafin su fita teku, shi ya sa duk inda aka sare su masunta ke fara kuka.

In ruwa ya janye, taɓon da ke gindinsu sai ya cika da motsi. Akwai wani ɗan kifi mai idanu a tsakar ka kamar kwaɗo, wanda ke fitowa tudu yana jan ciki da fikafikansa na gaba, in an razana shi ya yi tsalle-tsalle ya faɗa rami. Yana riƙe ruwa a kumatunsa, yana kuma shaƙar iska ta fata muddin jikinsa na da danshi. Mu da muka san gaiwa mai kwana cikin busasshiyar laka ba za mu musa ba, amma ganin kifi yana hawan saiwar itace abu ne da sai da hoto ake yarda da shi a gida.

Kusa da shi akwai ƙananan ƙaguwoyi masu yawan gaske. Namijinsu hannunsa ɗaya ƙato ne, ɗayan ɗan mitsitsi, yana ɗaga ƙaton yana kaɗawa don ya jawo mace ya kuma kori abokin hamayya. Da mutum ya matso sai duk su ɓace cikin ramuka kamar an share wurin. A nan ake gane mai haƙuri. Sai ya zaɓi rami guda, ya saita kyamara a bakinsa, ya zauna shiru ba motsi. Bayan 'yan mintoci zai ga ido ya leƙo, sa'an nan hannu, can sai filin ya sake cika, har wata ta bi ta kan takalminsa. Wannan hoto ko da wayar hannu ana samunsa.

Tsuntsayen wurin su ma suna da halin da in an sani an huta. Akwai mai roɗi-roɗin baƙi da fari, mai dogon baki, wanda Turawa suka yi wa laƙabi da sarkin masunta. Yakan tsaya cak a sama yana kaɗa fikafikai, sa'an nan ya faɗo ruwa kamar jifa. Al'adarsa ce ya koma kan reshe ko turken da ya tashi don ya buga kifin ya haɗiye, saboda haka mai wayo ba ya bin sa da kyamara a sama, turken yake tsarewa. Akwai kuma wani zalɓe mai launin toka mai duhu da farin maƙogwaro, wanda ke sanɗa a ruwa marar zurfi. Shi kuwa ayu, wanda masuntan Binuwai da Kwara suka sani, yana cikin rafukan nan, amma ganinsa sai an yi babbar sa'a, kuma dokar ƙasa ta 1985 ta hana farautarsa.

KURMIN KWAKWA

Daga bakin rafi hanya takan shiga rairayi mai laushi, ta ratsa ciyayi da itatuwan kwakwa. Ya kamata mai tafiya ya san irin hanyar da yake takawa. Badagry tana cikin tashoshin da aka yi cinikin bayi a ƙarni na 18 da na 19, kuma ta Gberefu akan bi da su a ɗaure zuwa jiragen da ke jira a teku. Cikin waɗanda aka kwasa daga tashoshin wannan gaɓa har da Hausawa, waɗanda aka kai Bahiya ta ƙasar Burazil, inda tarihi ya nuna sun shirya tawaye a 1807, suka kuma tayar da wani a 1814. Wuri ne da ya cancanci a bi shi da natsuwa.

Ta fuskar hoto kuwa, nan ne mai wayar hannu ke cin kasuwarsa, domin abubuwan wurin ƙanana ne kuma suna bari a matso. Da sassafe malam-buɗe-littafi da mazari ba su gama shan ɗumi ba, sukan zauna a kan ganye da raɓa a jikinsu. Ƙadangare mai jan kai yana bisa kututture yana gyaɗa kai, guza kuma takan ratsa hanya ta bar sawun wutsiya a rairayi. Shi kansa sawun abin ɗauka ne, gama da safe rairayi kamar allo yake, duk abin da ya wuce da dare ya bar rubutunsa. In za a ɗauki sawu sai a ajiye tsabar kuɗi ko ashana a gefensa, domin mai duba hoton ya gane girmansa.

In an ɗaga kai, wani lokaci akan dace da wata irin ungulu mai fari da baƙi da jan fata a gefen ido. Ita wannan ta saɓa wa danginta, domin 'ya'yan kwakwar manja ne babban abincinta, sai ta haɗa da ƙaguwa da mataccen kifi.

INDA IGIYA KE DUKA

Tun daga nesa ake jin rurin teku, in an hau tudun ƙarshe kuma sai ga ta shimfiɗe har iyakar gani. Da farko mutum zai ce babu kome a wurin sai ruwa da rairayi. In ya zauna ya natsu zai ga waɗansu ƙaguwoyi masu launin rairayin kansa, masu idanu a kan tsinke, suna fitowa daga ramuka suna gudu a karkace kamar iska na kora su.

Gaba kaɗan, daidai inda igiya ke mutuwa, akwai waɗansu 'yan tsuntsaye farare-farare da ake kira sandalin. In igiya ta koma sai su bi ta da gudu suna tsintar abinci a jiƙaƙƙen rairayi, in ta dawo su juyo a guje, haka za su wuni. Nauyin ɗayansu bai fi na ƙwan kaza ba, amma a can ƙuryar arewacin duniya suke yin ƙwai, a Girinlan da Sabiriya, inda rana ba ta faɗuwa a tsakiyar shekara. Akwai kuma wani mai launin ƙasa da lanƙwasasshen baki, wimbirel, mai zaƙulo ƙaguwa daga rami. Masana sun ɗaura wa waɗansu daga cikin na tsibirin Aisilan 'yan na'urori, suka tarar suna tasowa daga can zuwa Afirka ta Yamma cikin kwana huɗu ko biyar a kan teku ba tare da sun sauka ba.

Sai kuma jerin fararen tsuntsaye masu dogayen fikafikai da wutsiya mai baki biyu, waɗanda za mu iya kira tsattsewar teku. Yawancinsu daga Turai suke zuwa, amma akwai wata 'yar ƙarama da ke ƙyanƙyasa a hamadar bakin tekun Namibiya, ta zo ci-rani gaɓarmu daga kudu. Mu mun saba da shamuwa mai kawo albishir ɗin damina. To, ga waɗansu matafiyan da suka fi ta nisan zango, suna sauka a ƙasarmu kowace shekara ba mu sani ba.

Mai son hotonsu sai ya ajiye girman kai ya kwanta, domin tsuntsu ya fi tsoron mutum a tsaye, kuma hoton da aka ɗauka daidai da idon tsuntsu ya fi wanda aka ɗauka daga sama rai. A matsa da jan ciki kaɗan-kaɗan, a karkace, kada a nufe shi kai tsaye. Da ya daina kiwo ya miƙe wuya, to, an kai iyaka, sai a dakata. Wanda ke da kyamara mai gilashin jawo nesa na milimita 300 ko 400 ya sami sauƙi, kuma in yana son tsuntsu a sama sai ya sa saurin ƙiftawarta ya kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, in ba haka ba fikafikan za su fito a dagule. Farin tsuntsu a gaban ruwa mai duhu yana ruɗin kyamara ta cika haske har gashin ya wanke, saboda haka a rage hasken kaɗan. A kuma lura layin da teku ta haɗu da sama ya miƙe, kada ya zama kamar ruwan zai tsiyaye ta gefen hoto. Mai wayar hannu kuwa yana iya ɗora idon wayar a kan madubin hangen nesa, ya sami abin da zai isa a gane irin tsuntsun.

LADUBBAN FARAUTAR

Akwai masu korar garken tsuntsaye da gangan don su sami hotonsu a sama. Wannan mugun hali ne. Tsuntsun da zai koma arewacin duniya wajen watan Afrilu kitse yake tarawa, shi ne guzurinsa, kuma duk tashin da aka sa shi ya yi a banza daga guzurin nan ake ɗiba. Wanda bai tara isasshe ba a hanya zai faɗi.

Maganar ta fi nauyi a kan kunkurun teku. A watannin rani matansu sukan fito da dare su haƙa rami a rairayi, kowace ta zuba ƙwai wajen 100, ta rufe ta koma ruwa. Akwai mai launin zaitun, akwai kuma mai bayan fata, wanda ya fi kowane kunkuru girma a duniya, har nauyinsa kan wuce kilo 400. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan sukan fito, su nufi inda suka ga ya fi haske, wanda a asali shi ne fuskar teku. Walƙiyar kyamara ko tocila tana iya sa uwar ta fasa zuba ƙwai, tana kuma karkatar da 'ya'yan su nufi tudu, inda karnuka da hankaki da zafin rana ke jiransu. Saboda haka ba a haska kunkuru da dare. Da safe akan ga sawunta kamar na tayar tarakta daga ruwa zuwa tudu, wannan ya isa hoto. Kuma kada a baza wa duniya ainihin wurin, gama masu haƙar ƙwai su ma suna da waya. Hukumomin kare halittu ya kamata a sanar.

Mutanen wurin su ma suna da haƙƙi. Masuntan Badagry, waɗanda yawancinsu Egun ne, sukan taru su ja taru daga teku zuwa tudu, tsuntsaye na shawagi a kansu, abin gwanin kyau. Amma a fara da gaisuwa, a nemi izini kafin a ɗaga kyamara, in an ce a'a a haƙura. Haka nan wuraren ibadarsu na gargajiya. Da ɗan gari akan ci gari, kuma shi ne zai nuna inda tsuntsaye ke kwana da inda taɓo ke haɗiye ƙafa. Da yake kuma iyakar ƙasa na kusa, kada a nuna kyamara wajen shingen jami'an tsaro.

Game da lafiyar kai, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Gaɓar Legas tana da gangara, tana kuma da wata irin igiya mai ja zuwa ciki wadda ta sha cinye gwanayen iyo. Kada a juya wa teku baya ana duban kyamara, kada kuma a shiga kwale-kwale ba rigar hana nutsewa. A riƙe malafa da isasshen ruwan sha, a tafi mutum biyu ko uku. Ita ma kyamara tana da abokan gaba biyu a wurin, gishiri da rairayi. A ajiye ta cikin jaka in ba aiki take ba, kada a sauya gilashi cikin iska, in an koma gida a fara kaɗe rairayin da burushi mai laushi kafin a goge da ƙyalle, don kada a karce gilashin.

HOTO SHAIDA NE

A 1822 aka harbo wani ɗan'uwan shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da mashin mutanen Afirka soke a wuyansa, ya taso da shi tun daga nan. Wannan ne ya tabbatar wa Turawa inda tsuntsayensu ke zuwa in sanyi ya shigo, kuma har yanzu yana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Hans Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. A da sai tsuntsu ya mutu ko an kama shi ake karanta lambar. Yanzu masana suna sa zobba masu launi, waɗanda ake iya karantawa a hoto tsuntsun na tsaye yana kiwonsa. Ashe ɗan sha'awar da ya kwanta a rairayin Badagry yana iya riƙe da amsar da wani masani ke jira a wata ƙasa.

A gida ma ana bukatar irin wannan shaida. A 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, ƙasar da ke da iri sama da 900. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kilomita wajen 9 a tsaye 9 a kwance, 'yan sa kai suna shiga suna rubuta abin da suka gani su aika ta waya. In mutum ya ce ya ga tsuntsu a inda ba a san shi ba, akan nemi hujja, kuma babu hujjar da ta fi hoto.

Dalilin gaggawa kuwa a fili yake. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka gina katangun duwatsu a mashigin tashar jiragen ruwa ta Ikko. Da yake teku na kwasar rairayi daga yamma zuwa gabas, sai katangun suka tare shi, gefen yamma ya yi ta tudu, gefen gabas, watau Bar Beach, ruwa ya yi ta cinsa, har ya riƙa hawowa titin Ahmadu Bello. A 2008 aka fara cike wurin don gina sabon birnin Eko Atlantic. Bar Beach ɗin da iyayenmu suka hau doki a kansa ran Salla yanzu babu shi. A gabas an buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar mai ta Dangote a 2023, a 2024 kuma aka fara babbar hanyar bakin teku mai kilomita wajen 700 daga Legas zuwa Kalaba. A Jihar Ondo teku tana cin garin Ayetoro gida-gida. Waɗansu daga cikin sauye-sauyen nan ayyukan ci gaba ne da jama'a ke bukata, amma in ba a san abin da ke wuri ba kafin a fara aiki, yaya za a san abin da aka rasa, balle a yi maganar abin da ya kamata a tsirar?

Mu mutanen Arewa mun ga misali da idonmu. Ungulu da ke cika kowace mahauta, har ana korarta da dutse, yau yaro yana iya girma bai gan ta ba, kuma tun 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Da ta yi yawa ba wanda ya ga dalilin ɗaukar hotonta. Haka kuma Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny da ya rayu daga 1873 zuwa 1905, ya ɗauki hotunan garuruwan bakin ruwa na zamaninsa a matsayin sana'a kawai, ga shi yau masana tarihi suna dogara da su.

Saboda haka wanda ya ɗauki hoto ya cika aikinsa da abu biyu, kwanan wata da sunan wuri, ya kuma ajiye kwafi a wani wuri dabam da wayarsa. In da hali ya zaɓi wuri guda, ko gindin wata kwakwa ko bakin wani rafi, ya riƙa ɗaukarsa daga tsayuwa ɗaya kowace shekara. Cikin shekara goma zai ga abin da ido ba ya gani a rana guda.

Wanda Badagry ta yi wa nisa yana iya farawa da gandun Lekki, mai faɗin hekta 78, wanda Gidauniyar Kare Halittu ta Nijeriya ta kafa a 1990, inda akwai birai da tsuntsaye da gadar igiya mai tsawon mita 401 a saman itatuwa. Wanda ke Arewa kuwa ga dausayin Haɗeja da Nguru, ga madatsar Tiga, ga tafkin Kainji, duk 'yan ci-ranin Turai suna sauka a cikinsu, kuma haƙurin da aka koya a bakin tafki shi ne zai yi aiki a bakin teku. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Jikokinmu za su ji labarin gaɓar nan ko ta yaya, amma ganinta yadda take a yau ya rataya ne a kan waɗanda suka ɗaure suka taka ta da kyamara a hannu.